Kwamfutar Kalo a Ɗakin Gwaggo Lavinia

Ranar da abin ya faru ina cikin gidan, saboda haka kada wani ya zo ya ba ku labarin nan a karkace. Na je duba lafiyar Manase ne, ɗan ƙanwata, ba wai ƙamshin kifi da madarar kwakwa ne ya ja ni ba kamar yadda magulmatan tsibirinmu na Ha'ano suke yaɗawa.

Matarsa Kalolaine, wadda kowa ke kira Kalo, tana zaune a baranda. Ta kife bokiti ta ɗora kwamfuta a kai, ta cusa abin sauraro a kunne, tana rubutu tana gyaɗa kai. Shekara ta uku ke nan tana karatun digirin koyarwa daga nesa. Jami'ar tana can Fiji, malaman suna can, ita kuwa tana nan tsakanin kaji da aladu tana karɓar darasi ta iska. Zango ɗaya ya rage mata ta zama cikakkiyar malamar lissafi a makarantar ƙauyenmu, makarantar da duk malamin da aka turo mata daga birni, kafin doya ta nuna sau biyu ya tattara kayansa. Kwamfutar kuwa Manase ne ya sayo mata da gumin tsinkar lemo a gonakin Ostareliya.

"Manase, sassauta kankarar kwakwar nan, lakca nake ji," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"To, Farfesa. In an gama a gaya wa malamin mai gidanki na gaishe shi, kuma ana jin yunwa."

"Wa ke jin yunwar, kai ko Kawu Sekope?"

Ni ne Sekope. Na buɗe baki zan wanke kaina daga wannan ƙazafi, sai kare ya katse haushi ya shige ƙarƙashin tankin ruwa. Duk tsibirin nan mutum ɗaya ce take sa kare ya yi haka.

Gwaggo Lavinia, yayar marigayi mahaifin Manase, ta shigo da laima a hannu, ta ɗaura tabarmar ƙugu irin ta al'adarmu har ƙirji kamar mai zuwa jana'iza. Nan take Manase ya saki kwakwa ya zube ƙasa ya naɗe ƙafa. Ni ma na sauko daga kujera, don ba a zama sama da gwaggo. Ba a taɓa kanta, ba a cin ragowarta, kuma abin da idonta ya so a gidan ɗan ƙanenta ya zama nata. Kawu kuwa, wato ni, shi ne ƙanzon tukunya: shi ake kwashe wa kaya ba sallama. Wanda ya yi wannan rabo bai nemi shawarata ba, da ya ji magana mai ma'ana.

Kalo ce kaɗai ba ta ji shigowarta ba. Tana can saman baranda, kunne a toshe, har da 'yar dariya saboda wani abu da malamin ya faɗa. Sai da inuwar laima ta rufe mata allo sannan ta zabura ta fizge abin kunnen ta sauko.

"Sannu da aiki, matar gida," in ji Gwaggo. "Mata suna can gidana tun safe suna saƙar babbar tabarmar dangi, yatsu duk sun tsage. Na ce ina matar Manase? Aka ce ai tana jami'a. Na ce yaushe ta hau jirgi ba a gaya mini ba? Ashe jami'ar a kan bokiti take."

"Ki yi haƙuri, Gwaggo, asaimen ne ya taru mini. Da na tura zan zo."

Gwaggo ba ta ko kalle ta ba. Ta sunkuya ta dubi kwamfutar, ta shafa murfinta da yatsa ɗaya.

"Wannan abu yana da kyau," in ji ta.

Duk wanda aka yanke wa cibiya a nan ya san abin da wannan magana take nufi in ta fito daga bakin gwaggo. Kaji ma sai da suka yi tsit.

"Manase," in ji Kalo a hankali.

Bai dube ta ba. Ya ja gwiwa ya matsa, ya rufe kwamfutar, ya nannaɗe igiyar cajin a kanta, ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Har da igiyar, jama'a — abin da ba a ma yaba ba.

Gwaggo ta rungume kayanta ta buɗe laima ta fice.

Ni dai na ci gaba da cin kifina, don a irin wannan lokaci gida yana bukatar mutum ɗaya mai natsuwa.

"Me ka yi?" in ji Kalo. "Manase, da kai nake. Me ka yi yanzun nan?"

"Gwaggona ce, Kalo."

"Na san gwaggonka ce. Ni kuma mece ce, bokitin da ake kifewa a ɗora kaya? Bakinka ciwo yake da ba za ka iya cewa Gwaggo, wannan ba tawa ba ce, ta matata ce?"

"Ni na sayo. A idonta tawa ce."

"Au, taka ce? Yau kuma taka ce? Lokacin da ka miƙo mini ita a bakin kwale-kwale kana washe haƙori, ce mini ka yi Kalo, ga makarantarki. Shekara uku ina bin netwok daga baranda zuwa bakin teku kamar mai kiwon agwagwa. Na rubuta asaimen ina zazzaɓi, na rubuta ruwa na zuba ta rufi. Jarrabawar ƙarshe ce a gabana, a cikin kwamfutar nan ake rubuta ta. In na rasa ta shekara ta tafi, gurbin malamar kuma a turo wani daga birni. Ka san wannan ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Tashi ka je ka karɓo."

"Abin da gwaggo ta ɗauka ba a zuwa karɓowa. Kin fi ni sani."

"To ka auri gwaggon." Hawaye suka ɓalle mata, ta sa bayan hannu ta share da ƙarfi kamar su ma sun yi mata laifi. "A Nuku'alofa, babban birninmu, akwai cibiyar jami'ar, kwamfutoci jere, ba mai yaba su ya ɗauke. Ƙawata tana da ɗaki. In na hau jirgin nan, Manase, kada ka tsaya a bakin ruwa kana jiran dawowata."

Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa har hoton aurensu ya karkace.

Kun san abin da yaron nan ya yi? Ya juyo ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya sa hannu ya zare wayata. Wayata ta kaina, wadda mata uku a tsibirin nan suka haddace lambarta. Ya tura wa Kalo ta ƙarƙashin ƙofa yana cewa ta fara lallaɓawa da wannan. Ba a jima ba wayar ta dawo ta taga.

"Da wannan zan rubuta jarrabawa? Madannanta biyu sun ɓalle, an ɗaure bayanta da roba."

A ɗauke maka abu ba izini, sannan a zage shi a gabanka. Wannan ita ce rayuwar kawu.

Washegari na ga abin ba zai gyaru ba sai manya masu basira sun sa baki, kuma da na duba tsibirin kaf sai na ga ni kaɗai ne. Na shafa man kwakwa a gashi, na sa rigata mai furanni, na nufi gidan Gwaggo Lavinia. Aji ɗaya muka yi da ita a firamare, kuma har yau ina da yaƙinin ta so ni a lokacin, kunya ce ta sa take jifana da ɓawon kwakwa.

Na same ta a ɗaki, ta ɗora kwamfutar a kan akwatin tabarmi ta lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar littafin coci.

"Ranki ya daɗe," na ce, na zauna a bakin ƙofa. "Na zo taya ki murnar sabon kaya. Sai dai akwai abin da ya hana ni sukuni. Irin wannan na'ura kamar saniyar tatsa take. In aka kwana biyu ba a buɗe ta an danna ba, sai cikinta ya daskare ta mutu. Kuma ba ta yarda da hannun kowa sai wanda ta saba da shi. Kin ga in ta mutu a ɗakinki, sai a ce gwaggon gidan nan ta karɓi abu ta kasa riƙonsa. Ni ba na so a faɗi haka."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Sekope, tun kana yawo da wando a yage kake ƙarya, har yau ba ka ƙware ba."

"Ni?"

"Jikokina a can ƙetare, a Auckland, kowa da irinta, suna jefar da ita wata guda ba ta mutu ba. Yarinyar ce ta aiko ka?"

"Yarinyar tana haɗa jaka. Ta ce Nuku'alofa za ta."

Na ga hannunta ya tsaya a kan ƙyallen. Ta gyara shi ta sake gyarawa, alhali ba abin da ya same shi.

"Abin da ya shigo ɗakin nan ba ya fita," in ji ta. "Amma ban hana kowa shigowa ba. Ta zo da safe ta yi saƙa tare da mata kamar kowace matar dangi. In rana ta karkata ta buɗe abin nan a gabana, a nan. Kuma ban da toshe kunne. Maganar da ba a so in ji, ba a yin ta a ɗakina."

Za ku ce dabarata ba ta ci ba. To wa ya fito da amsa a hannu? Ni dai na san abin da na shuka.

Da na kai saƙon, Kalo ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Wato in durƙusa in roƙi aron abina."

"Ba roƙo aka ce ba," in ji Manase. "Zuwa kawai za ki yi."

"Kai rufe mini baki. Kawu nake wa magana, shi ko ba komai ya taka ya je."

Ku rubuta wannan ku ajiye, don ba a cika faɗar gaskiya a kaina ba.

Manase ya sunkuyar da kai. "Kalo, na san na ɓata. Ban san yadda ake ce mata a'a ba, ba a koya mini ba. Amma in kika tafi, gidan nan ba gida ba ne. Ki gwada, ko don wahalar da kika riga kika sha."

Ta dubi jakar da ta haɗa, ta dube shi. "Don wahalata zan je. Ba don kai ba."

Haka aka shiga wani irin zama. Da safe Kalo tana cikin layin mata, ta duƙa a kan tabarmar da tsawonta ya kai daga ƙofa zuwa bishiyar mangwaro, kaifin ganyen saƙa yana yanka mata yatsu, matan suna yi mata habaici.

"A matsa wa Digiri wuri, kada bayanta ya yi ciwo."

"Ke, ai su da maɓalli suke saƙa."

Kalo kuwa saƙarta kawai take yi. In rana ta karkata sai ta wanke hannu, ta shiga ɗakin Gwaggo da gwiwa, ta yaye farin ƙyalle, ta buɗe makarantarta. Gwaggo na zaune a kan gado tana fifita, muryar malami ta cika ɗakin. Kuma ba ta iya yin shiru.

"Wannan mutumin bai da numfashi ne? Tun ɗazu shi kaɗai yake magana."

"Lakca ce, Gwaggo."

"Ko fasto yana tsayawa a yi waƙa."

Wata rana Kalo ta buɗe makirfo za ta amsa tambaya, daidai lokacin Gwaggo ta hango alade a cikin gonar gwazanta. Abin da ta faɗa wa aladen da mai aladen da kakannin mai aladen, ɗalibai daga ƙasashe bakwai sun ji shi tas. Malamin ya yi gyaran murya ya ce a kula da makirfo. Aladen nawa ne, amma ba wannan ne zancen ba. Kalo ta dawo gida ranar tana kuka, ta dafa wa Manase rogo ta dire masa a gaba ba magana. Haka suke tun ranar da aka ɗauki kwamfutar: tana dafawa, tana wanki, amma dariyarta ta ƙaura. Yaron ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Akwai kuma ranar da malamin ya ce kowa ya buɗe kyamara. Allon ya cika da fuskoki ƙanana. Gwaggo ta sauko daga gado ta leƙa ta kafaɗar Kalo.

"Wancan mai kakin fa?"

"Ɗan sanda ne a Kiribati."

"Waccan da jariri a cinya?"

"A Vanuatu take. Nas ce, tana son komawa koyarwa."

"Duk a gidajensu suke?"

"Kowa a gidansa, Gwaggo."

Ta koma kan gado ta ɗauki mafici. Ranar ba ta ƙara cewa komai ba har aka tashi.

Ana cikin haka jami'a ta sanar da dokar jarrabawa. Ɗalibi zai zagaya da kyamara ya nuna ɗakin ba kowa, a rufe ƙofa, kada a ji muryar wani, kada inuwar wani ta gifta. In aka ga mutum ko aka ji magana, an soke jarrabawar, babu roƙo.

Kalo ta zo ta tsaya a kan Manase yana gyaran komar kamun kifi a tsakar gida. Ina wurin, na je aron gishiri.

"Na yi saƙa," in ji ta, ta miƙa masa tafukanta. "Duba. Na sha habaici, na sha kunya a gaban aji, ban ɗaga wa gwaggonka murya ko sau ɗaya ba. Nawa na yi. Yanzu saura naka. Ranar jarrabawa dole ta fita daga ɗakin, ta yi shiru har in gama."

"Kalo, a ce wa Gwaggo ta fita daga ɗakinta?"

"A ce mata."

"Ko Kawu zai—"

"Kawu ba shi ya aure ni ba. Kai nake so in ji bakinka. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yau, kwale-kwalen zuwa garin Pangai yana tashi jibi, daga can in hau babban jirgi. A wannan karon ba barazana nake ba."

Ya daɗe yana kallon yatsun nan nata da suka tsattsage. Sannan ya ajiye koma ya shiga ɗaki. Da ya fito, ya ɗaura wata tsohuwar tabarma yagaggiya a ƙugu, irin wadda ake ɗaurawa in za a je neman gafara wurin na sama. Ya kama hanya ba takalmi. Kalo ta bi shi. Ni ma na bi su, don irin wannan wuri yana bukatar shaida mai gaskiya.

Ya zauna a ƙasa a ƙofar Gwaggo, cikin rana, kai a sunkuye. Matan saƙa suka tsayar da hannu. Gwaggo ta bar shi ya gasu sosai kafin ta fito.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Gwaggo. Roƙo na zo." Ya faɗi dokar jarrabawar tiryan-tiryan. "Ina roƙo ranar ki bar mata ɗakin."

"In bar mata ɗakin." Gwaggo ta maimaita a hankali, ta juya wajen matan. "Kun ji ko? Ɗan ƙanena, wanda na yanke wa gashin farko da hannuna, na raɗa masa suna, ya zo ya kore ni daga ɗakina saboda wani mutumin Fiji ba ya son ganin fuskata."

"Ba kora ba ce, Gwaggo."

"Rufe mini baki. Ka ɗauka ban san ƙarshen wannan karatu ba? Uku na haifa. Uku na raka bakin ruwa, kowanne da takardar shaida a jaka yana ce mini Mama, shekara biyu ne in dawo. Ina suke? Jikokina ba su iya gaishe ni da harshenmu ba. Gonar ubanka ciyawa ta kusa cinye ta, kai kaɗai ka rage a kanta. Ita ma wannan, ranar da takarda ta shiga hannunta za ta ja ka kamar kifi a ƙugiya, a bar ni da kaburbura ina share musu ganye."

Kalo ta matso ta durƙusa kusa da mijinta.

"Gwaggo, a ba ni izini in yi magana."

"Da izini kike yi da?"

"Da tafiya nake so, da tuni na tafi. Tun kafin aure aka ba ni gurbi a can Fiji, ɗakin kwana da komai, na ƙi. Na zaɓi wannan karatu mai wahala, na bin netwok da jiran caji, don kada in bar nan. Makarantar da ke bayan cocin nan nake so in koyar, don yaranmu su daina rasa malami. Ba takarda ce za ta hau da ni jirgi ba, Gwaggo. Ke ce kike tura ni."

"Ji bakinta. Manase, kana ji matarka tana gaya mini magana?"

Manase ya ɗago kai. Tunda aka haife shi ban taɓa ganin ya haɗa ido da ita ba sai ranar.

"Ina ji, Gwaggo, kuma gaskiya ta faɗa. Na ba ki kwamfutar don haƙƙinki ne, ko rigar jikina kika yaba zan tuɓe. Amma abin da ke cikinta wahalar Kalo ce, ba tawa ba ce balle in bayar. In ta rasa jarrabawar nan za ta tafi. In ta tafi kuwa zan bi ta."

Wata daga cikin matan ta dafe ƙirji. Gwaggo ta tsaya kamar an dasa ta. Sai ta juya ta shige ta rufe ƙofa.

A hanyar komawa na ga Kalo ta sa hannu ta kakkaɓe masa ƙasar da ta manne a tabarmar ƙugunsa, kuma hannun bai yi saurin dawowa ba.

Har ranar jarrabawa ba saƙo daga gidan Gwaggo. Kalo ba ta hau kwale-kwalen jibin ba, ta ce tunda ya buɗe baki za ta jira ta ga ƙarshe, amma jakarta tana nan a ɗaure a bayan ƙofa. Da hantsi suka kama hanya, ba su san ko za a buɗe musu ba.

Suka tarar da Gwaggo Lavinia a waje. Ta sa an fito mata da kujera an dasa a tsakiyar hanya, laima a hannu ɗaya, sandar da mata suke dukan ɓawon itace da ita su yi zane a ɗaya. Ƙofar ɗakin a buɗe, an share shi fes, an ɗora kwamfutar a kan tebur, ga kofin ruwan kwakwa a gefe.

"Me kuke kallo?" in ji ta. "Ɗakin ne ya yi mini zafi. Ke, wuce ki rufe ƙofa. In kika faɗi bayan duk wannan fitina, kada ki nuna mini fuskarki."

Kalo ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya ci ƙarfinta.

"Tashi, kada ki jiƙa mini hanya."

Abin da ya biyo baya, har yau ana ba da labarinsa. Matan saƙa suka taho da waƙa, Gwaggo ta ɗaga sanda, suka juya da waƙarsu a baki. Masu koyon waƙar coci suka fara jan murya, ta aika aka ce wa fasto yau Ubangiji zai karɓi yabo a zuci. Mai gyaran injin kwale-kwale ya kashe injinsa. Zakara ya miƙe wuya zai yi cara, Manase ya yi tsalle ya rungume shi, ya zauna da shi a hammata har aka gama. Ni kuma, da na matso don in ba da shawarar yadda za a tsara tsaron, sai ta nuna ni da sanda.

"Kai musamman, Sekope. Koma bakin teku. Numfashinka ma surutu ne."

Ni da na ƙulla komai. Na tafi, amma da mutuncina na tafi, a hankali, ina waiwaye.

Rana ta take tsaka Kalo ta buɗe ƙofa, ido jawur, tana murmushi. Manase ya saki zakara ya nufe ta, ya tuna Gwaggo na kallo, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Je ka mana," in ji Gwaggo. "Da ka iya zare mini ido, yanzu kuma kunya?"

Sakamako ya fito Kalo ta ci, kuma da daraja. Yau ita ce malamar lissafi a makarantar bayan coci, ciki ya fara turo riga, Manase ya share gonar ubansa ya dasa doya. Gwaggo kuwa duk baƙon da ya sauka sai ta gaya masa cewa a ɗakinta aka yi digirin farko na dangi, kuma ita ta tsare ƙofa. Sunana ba ya fitowa a labarin nata ko sau ɗaya.

To, 'yan mata da samari, ga abin da nake so ku ɗauka. Fushin Kalo gaskiya ne, amma da ta bi shi ta hau jirgi, da ta sami takarda ta rasa gida. Ta haɗiye, ta duƙa ta yi saƙa da hannu mai jini, har ta sami duka biyun. Kai kuma saurayi, girmama manya wajibi ne, amma ladabin da zai sa ka yi shiru ana tauye matarka ba ladabi ba ne, tsoro ne. Ka durƙusa, ka sassauta murya, ka faɗi gaskiya. Tsohon da ya tsaya muku a hanya kuwa, kafin ku kira shi mugu ku bincika abin da yake tsoro, sau da yawa kaɗaici ne.

Wannan nasiha kyauta na ba ku. Na saba a karɓi nawa ba godiya.